Wayar Malam Filibus

"Kankare ta da kanka ka gani," in ji Tukur mai kayan wuta. "Ba a cinikin biri a sama."

Shu'ibu ya karɓi wuƙar, ya feɗe robar wayar, ya kankare ƙarfen da ke ciki. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Ya ɗauki ta biyun ya yi mata haka, ita kuwa ja ce har zuci.

"Ka ga waccan alminiyam ce aka shafa mata ja, ta masu neman araha ce," in ji Tukur. "Wannan jan ƙarfe ce zalla. Wa za a yi wa wayarin ɗin?"

"Malam Filibus."

"Ticha? Ai sai ka faɗa tun farko. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi," in ji Shu'ibu, don haka ake cewa.

Ba sauƙin komai. An sallamo Malam Filibus daga asibiti ne ba don ya warke ba. 'Yarsa Rut ta ja Shu'ibu gefe a ƙofar gida, ta ce likita ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa yake so, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana. Abin da ran tsohon yake so kuwa bai wuce guda ɗaya ba: a ja wa na'urar sautinsa sabuwar waya, ya ji muryar marigayiya matarsa Esta kafin ya tafi. Shi ya sa Shu'ibu, dillalin shanu, wanda zai buɗe bakin saniya ya faɗa maka shekarunta amma bai san ja da baƙi ba a harkar lantarki, yake tsaye cikin kasuwar Haɗeja da azumi a bakinsa yana jujjuya wayoyi, yana gudun kada ya zaɓi wadda ba ita ba.

"Ya ce mai kauri, lamba huɗu," in ji shi. "Kala uku: ja, baƙa, da koriya ta ƙasa."

"Lamba huɗu ta ƙare. Biyu da rabi ce da ni. Huɗu sai an kawo daga Kano, motarmu kuma sai Litinin." Tukur ya ɗaga wani nadi ya buga masa ƙura. "Wannan fa ita ke ɗaukar dutsen guga a gidajen mutane, balle rediyo. Ka ɗauka a yi aikin yau a huta."

Shu'ibu ya dubi nadin. In ya ɗauka, ba ita aka aiko shi ba. In ya jira Litinin, wa ya san wanda zai kai Litinin? Ya ce a gutsuro masa kaɗan daga kowace, ya zuba a aljihu, ya hau kekensa. Rana ta bazara ta take, kogi ya janye ya bar yashi, motocin alkama suna ta fitowa daga fadama. Bai ga ko ɗaya ba, hankalinsa yana ɗakin maƙwabcinsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Malam Filibus ya zo daga kudancin Kaduna yana saurayi ya koyar a makarantar firamare, ya zauna har ya yi ritaya, rabin ma'aikatan garin sun sha bulalarsa. Duk unguwa suna kiran na'urar tasa rediyon Ticha, shi kuma ba abin da yake ɓata masa rai kamar wannan suna. A wajen wani Bature injiniyan noman rani ya saye ta lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu. Akwai amfilifaya mai nauyin buhun gishiri, da sifiku biyu masu kaiwa ƙugun mutum, da tef irin na gidan rediyo, mai faya-fayi biyu zare yana kewayawa a tsakaninsu. Da ita ya ɗauki Esta wata Kirsimeti tana waƙa da yarensu a falo. Mace ce mai kunya, ta ƙi matsowa kusa, don haka muryar ta shiga ƙasa-ƙasa. Da ta rasu ya lulluɓe kayan da zanen gado bai sake taɓawa ba, sai yanzu da ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Shu'ibu ya yi sallama ya shiga. An jawo gadon zuwa falo, tsohon yana jingine da matasan kai, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Rut tana yi masa fifita.

"Maƙwabci, ka dawo? Mu ga abin da suka ɗora maka."

Ya karɓi guntayen wayar. Ta alminiyam ko kallo na biyu bai yi mata ba, ya yar. Ɗayar ya murza ta a yatsu, ya lanƙwasa, ya girgiza kai.

"Ƙarfen mai kyau ne, amma siririya ce."

"Malam, Tukur ya ce har dutsen guga tana ɗauka."

"Tukur ko lissafin aji uku da ƙyar ya haye a hannuna. Rut, kunna masa ya ji."

Akwai wuta a lokacin. Rut ta murɗa maɓalli, faya-fayin suka fara juyawa. Abin da ya fara cika ɗakin wani gurnani ne mai kauri, kamar injin niƙa daga bayan gari, jifa-jifa kuma ya yi ƙas. A can ƙarƙashinsa akwai mace tana waƙa, kana jin akwai ta amma ba ka kama ko kalma. Rut ta ƙara sauti, gurnanin ya ƙaru tare da muryar. Tsohon ya runtse ido yana miƙa wuya, har jijiyoyin wuyan suka fito, sannan ya ɗaga hannu a kashe.

"Ka ji ko? Wayoyin gidan nan sun tsufa, kuma komai a kansu yake rataye. Dole a ja mata layinta ita kaɗai tun daga mita, da fis ɗinta, waya mai kauri, a kuma binne mata ƙarfe a ƙasa. In za a yi, a yi mai kyau."

"Litinin fa da nisa, Malam."

"Kana tsoron kada in riga wayar tafiya?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da Rut ta tallafe shi. Shu'ibu ya tashi ya fita, don abin da yake tsoro ke nan.

Washegari Yakubu mai wayarin ya zo haƙa ramin ƙarfen ƙasa a gindin katanga. Yakubu ya iya aiki ba laifi, sai dai bakinsa ba ya ajiya, in ka gaya masa magana da hantsi, kafin azahar ta kai tasha. Ƙasar ta bushe ƙamas, sai da mai ga-ruwa ya juye garwa a kai sannan diga ta shiga. Ya kafa ƙarfen, ya zuba gawayi da gishiri a kewaye, yana yi yana ba Shu'ibu labarin gidajen manyan da ya yi wa aiki. Suna cikin haka aka kawo wuta. Daga bayan katanga, a gidan Shu'ibu, firizar matarsa Umma ta yi gir ta tashi.

"Ka ji abokiyar gabar tamu ta farka," in ji Yakubu.

"Wace abokiyar gaba?"

"Firizar mana. Ai ita ce ke sa gurnanin nan, injinta ya tsufa, kuma layinsu ɗaya da na'urar." Ya nuna sama da bakin shebur. Sai kuma ya dafe baki. "Kai! Ticha fa ya ce kada in faɗa."

Shu'ibu ya ɗaga kai ya bi inda aka nuna. Wata waya ce baƙa da ta fito ta tagar Malam Filibus ta haye katanga ta shiga gidansa. Ya daɗe da daina ganinta. Gidansa ba mita. Tun yaransa suna ƙanana Malam Filibus ya ce a ja musu ƙwan lantarki ɗaya su riƙa karatu. Ƙwai ya haifi fanka, fanka ta haifi firiza, tsohon bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu da wannan firizar Umma take ƙulla ruwa a leda tana yin ƙanƙara, kuma a watan azumin nan duk bayan la'asar ƙofar gidan cika take da kwanuka, daga unguwar har masu dawowa daga yankan alkama.

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Yana ta zarya kasuwa yana kankare wayoyi, ashe ciwon a tsakar gidansa yake kwana.

Ya shiga falon ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Malam, ashe haka za ka yi mini? Ka sani tun farko ka yi shiru?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi taga. "Yakubu ko? Da na sani da na ɗauko bebe."

"Yanzun nan zan je in zare ta."

"Zauna."

Muryar makaranta ce, Shu'ibu ya samu kansa a zaune.

"Wutar nan awa nawa ake kawo ta a wuni? In aka kashe firizar, ruwan ba zai kama ba. Mutanen nan tun asuba ba su sa komai a baki ba, wasu a gona suka wuni cikin wannan rana. In hana su ruwan sanyi don tsoho ya ji waƙa? Ni ba na azuminku, amma na san ƙishirwa. Shi ya sa na ce a raba layin, ita ta yi aikinta, ni in ji abina, ba wanda ya takura wa wani."

"To na ɗan lokaci kaɗan fa? Waƙa ɗaya?"

"Ka san matarka. In ta ji, ba waƙa ɗaya za ta kashe ba, har abada za ta kashe, ta rasa sana'arta saboda ni. Kawo hannunka." Hannun tsohon sanyi ƙalau, ga nauyin kumburi. "Ba za ka taɓa firizar ba, ba kuma za ka gaya mata ba. Faɗa in ji."

Shu'ibu ya faɗa. Yana fitowa ya san ya ɗaure kansa da igiyar da ba zai iya kwancewa ba.

Daga ranar bai sake samun sukuni ba. In an ɗauke wuta ya damu, in an kawo ya fi damuwa, don da ya ji gir ɗin firizar sai ya ji kamar shi ne yake toshe wa maƙwabcinsa kunne. Da buɗa-baki Umma ta miƙo masa ruwan ƙanƙara, ya kurɓa da ƙyar ya ajiye. Ta tambaye shi ko cinikin shanu ne ya ɓaci, ya ce zafi ne kawai. Ta yi masa wani kallo ta ci gaba da ƙulle-ƙullenta.

Litinin ta zo, mota ta dawo daga Kano, ba waya. Direban ya ce ya tarar da shagon a rufe, Tukur ya ce a yi haƙuri sai wani zuwan. Shu'ibu, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a kasuwa ba sai wajen taya saniya, ya yi faɗa har mutane suka taru. Faɗan bai haifar da waya ba. A ƙarshe Yakubu ya ce shi zai bi motar asuba ranar Laraba ya sayo da kansa, ya juyo a ranar.

Larabar ce jikin ya rikice. Tun da hantsi numfashin tsohon ya koma sama-sama, ya daina karɓar ko ruwa a cokali. Fasto ya zo da dattawan coci, suka yi addu'a, suka koma waje ƙarƙashin darbejiya suka zauna jugum. Shu'ibu ya kasa zama. Ya leƙa falo, ya fito bakin titi ya hangi hanyar tasha, ya dawo. Kowane babur ya ji sai ya ce Yakubu ne.

Bayan azahar aka kawo wuta. Rut ta fito da sauri, idanunta jawur.

"Baba Shu'ibu, yana nuna na'urar da hannu. Na kunna, amma ga shi nan dai yadda ka sani. Yana ta ƙoƙarin ɗaga kai ya ji. Ya zan yi?"

Shu'ibu ya tsaya a tsakanin ƙofofin biyu. Ta dama gurnani yana fitowa, ta hagu firiza tana gir. Taku kaɗan ne ya kai hannu ya zare abin, ga kuma hannun da ya ba mutum a kan gadon mutuwa. Bai san lokacin da ya shiga gidansa ba. Ya tsaya a bakin rumfar da firizar take, hannayensa a baya kamar mai jiran hukunci.

Umma tana tsugune tana jera ledojin ruwa. Ta ɗago.

"Maigida, ka zo kallonta ne ko ka zo kashewa?"

Ya dubi firizar, ya dubi katanga.

"Tun jiya na ritsa Yakubu. Na ga yana leƙen bayan firizata kamar ya ajiye wani abu, na ce bai isa ya fita ba sai ya faɗa. Na yi shiru ne ina jira in ji daga bakinka." Ta miƙe tana goge hannu a zani. "Ku maza akwai abin haushi. Mutum yana mutuwa kuna ta yi wa juna kara."

"Na yi masa alkawari, Umma. Hannuna ya riƙe."

"Hannunka ya riƙe. Nawa fa?"

"Masu azumi fa? Ruwan ko kamawa bai fara ba."

"Kafin a yi firiza da me iyayenmu suke buɗa-baki? Esta ce ta karɓi haihuwar ɗanmu Buba a ɗakin can, lokacin kana Kafin Hausa wajen shanunka. Matsa mini."

Ta zura hannu bayan firizar ta fizge wayar daga soket. Injin ya yi wata 'yar girgiza ya mutu. Gidan ya yi tsit, sai a lokacin Shu'ibu ya gane shekara da shekaru bai ji gidansa shiru haka ba in akwai wuta. Ta kan katanga kuwa, sai ga muryar mace ta hayo.

Ya koma da gudu-gudu. Dattawan da ke ƙarƙashin darbejiya sun miƙe sun matso bakin taga. A falo faya-fayin suna juyawa, muryar Esta ta cika ɗakin, tattausa, ƙasa-ƙasa, har jan numfashinta ana ji tsakanin baiti da baiti. Shu'ibu bai san yaren ba, amma ya san muryar, ita ce take yi masa sannu da zuwa ta kan katanga shekaru masu yawa. Rut ta durƙusa a gefen gado ta cusa fuska a katifa.

Malam Filibus ya daina miƙa wuya. Kansa ya koma kan matashi, leɓɓansa suna bin waƙar. Can a tsakiya waƙar ta tsinke, Esta ta yi dariya, ta ce da Hausa, "Kai Malam, kashe abin nan mana, kunya nake ji." Wata murya ta namiji mai ƙarfi, wadda sai da Shu'ibu ya yi tunani kafin ya gane ta tsohon ce, ta ce, "Ƙarasa dai." Ta ƙarasa.

Ana cikin haka Yakubu ya iso, ya yi butu-butu da ƙurar hanya, nadin waya mai kauri a kafaɗarsa. Ya buɗe baki zai fara labarin Kano, Shu'ibu ya ɗaga masa hannu. Yakubu ya rufe bakin, ya tsaya a bakin ƙofa da kayansa.

Tsohon ya buɗe ido, ya nemi Shu'ibu. Shu'ibu ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakinsa.

"Wa ya kashe?"

"Ba ni ba ne, Malam. Wallahi ban taɓa ba, ban kuma faɗa ba."

"Umma."

"Ita ce."

Wani abu mai kama da murmushi ya motsa a gefen bakinsa. Ya daɗe yana tara numfashi.

"Ka ce mata na ji."

Rut ta mayar da zaren farko, waƙar ta sake farawa. Kafin ta kai wurin dariyar, fasto ya shigo a hankali, ya taɓa wuyan tsohon, ya shafe masa ido. Ba wanda ya tashi ya kashe na'urar, har zaren ya ƙare bakinsa yana ta kaɗawa a jikin faifan.

Bayan la'asar masu kwanuka suka taru a ƙofar Umma kamar kullum. Ta fito ta ce yau babu, Ticha ya rasu. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wasu suka juya, wasu suka ajiye kwanukan a gindin katanga suka shiga yi wa Rut gaisuwa.

Shu'ibu yana zaune a dakalin Malam Filibus tare da dattawan coci lokacin da aka kira magariba. Ya manta ma da azumi a bakinsa. Umma ta fito da faranti cike da ledojin ruwa, ta ajiye a gabansu, ta juya za ta koma.

"Umma," in ji shi. Ta tsaya. "Ya ba ni saƙo. Ya ce in ce miki ya ji."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta tsaya haka kafaɗunta suna rawa, sannan ta shige gida.

Shu'ibu ya ɗauki leda ɗaya ya matsa ta a tafin hannu. Ruwa ne zalla, ko ɗigon ƙanƙara babu, har da ɗan ɗumi. Ya miƙa wa fasto ɗaya, ya yi bismilla, ya ciji bakin tasa ya sha.